Masu Jiran Shari'a

Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya babu alƙalin da ya same su da laifi, jiran shari'a kawai suke yi. Alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai kotu ta tabbatar. Yaron da ake zargi da satar waya kan shafe watanni a ɗakin da ake kwana bi da bi saboda cunkoso, don kawai babu motar kai shi kotu, ko mai tsaya masa ba shi da takardar fili.

Wasu za su ce sakinsu hatsari ne. Tabbas akwai wanda bai cancanci beli ba, kuma alƙali na da ikon hana shi. Amma dokar gyaran hali ta 2019 ta amince a sa mai ƙaramin laifi aikin hidimar al'umma maimakon ɗauri. To, wanda ba a ma yanke wa hukunci ba, da wane dalili za a cakuɗa shi da riƙaƙƙun 'yan fashi?