Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Tamowa, Da Ƙiba, Da Gadon Jiki

Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne wanda ba garin da ya rasa shi, watau yaron da ke lalacewa alhali kuwa kullum ana ɗora tukunya a gidansu. Kowane hakimi ya san shekarar yunwa, ya san abin da fari da fara ke yi wa talakawa, wannan ba ya bukatar bayani. Abin da ke da wuyar ganewa shi ne yara biyu su ci a ƙwarya ɗaya, ɗaya ya tashi garau, ɗaya ya kumbura. Ko kuwa manya biyu su yi shekara da shekaru suna ci a akushi ɗaya, wannan ya yi teɓa har ciwon sukari ya kama shi, wancan kuwa yana nan kamar kara. Likitoci sun yi kusan shekara ɗari suna bin sawun wannan al'amari, ga kuwa abin da suka samo.

A cikin 1929 aka aika da wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, zuwa ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. A asibitin yara na Akra ta riƙa ganin ana kawo wasu yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafunsu a kumbure, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu tana saluɓewa kamar wanda ya ƙuna, ba su wasa, ba su son abinci, sai ƙananan koke-koke. Da yawa daga cikinsu mutuwa suke yi. Manyan likitocin wancan zamani suka ce ai wata cuta ce da aka riga aka sani tuni. Ita kuwa ba ta yarda ba. Sai ta yi abin da ba kasafai masu ilmi ke yi ba, ta tambayi iyaye mata da kakanni abin da suka sani. Suka ce mata a harshen Ga sunan ciwon kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono sabo da an sami cikin ƙanensa. Ta bincika ta ga lalle haka ne, yaran nan an yaye su ne a kan kokon masara tsagwaronsa. Da ta ba su madara sai waɗansu suka farfaɗo. Ta buga bayanin ciwon a 1933, ta kuma fid da sunansa a 1935, har yau kuwa da wannan suna likitocin duniya ke kiransa.

Mutanen ƙasar Hausa ba su bukatar a fassara musu wannan labari. Sun san kwanika, sun san yaron da aka yaye ba shiri, aka kai shi wajen kakarsa, aka bar shi da kunu da loma biyu ta tuwo. Tamowa iri biyu ce. Akwai mai ƙanjamar da yaro, ya bushe, fuskarsa ta koma ta tsoho. Wannan kowa ya gan shi ya san ba lafiya. Akwai kuma mai kumburi, ita ce mai ruɗi, don uwa takan ga kumatu da ƙafafu sun cika ta zaci ƙiba ce, alhali ruwa ne ya taru a jiki. Gane ta ba wuya. A danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna bai cike ba, to, yaron nan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

An daɗe ana cewa rashin abinci mai gina jiki, kamar nama da wake da madara, shi kaɗai ke kawo kumburin. Amma daga baya aka lura da cewa akwai yara da yawa masu cin irin abincin da mai kumburin ke ci, ba su kumbura ba. Don a gane dalili sai waɗansu likitoci suka bi tagwaye gida 317 a ƙauyukan Malawi, suna auna su har suka kai shekara uku, suka buga sakamakon a 1913 da ɗari, watau 2013. A cikin kowane gida ɗari, an sami 43 inda tamowa ta kama ɗaya ta bar ɗan'uwansa, ga shi kuwa uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Sai suka ɗebi ƙananan halittun nan da ke zaune cikin hanjin kowane mutum, waɗanda ido ba ya gani, masu taimakonsa narkar da abinci, suka sa wa ɓeraye, suka ciyar da ɓerayen da irin abincin mutanen Malawi. Ɓerayen da aka sa wa na yaro mai kumburi suka rame ƙwarai, waɗanda aka sa wa na ɗan'uwansa mai lafiya ba su yi irin wannan rama ba. Aka gane ke nan ƙarancin abinci da halin da hanji ke ciki tare suke aiki. Sabo da haka rijiyar da ba a rufe ba, da gudawar da ke komowa wata-wata, da ƙyanda, duk suna da hannu cikin tamowa kamar yadda rumbun da ya ƙare ke da shi.

Wajen magani an sami ci gaba mai yawa. A da sai an kwantar da yaro a asibiti makonni, ana ba shi wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, domin jikin da ya daɗe da yunwa in aka ɗura masa abinci gaba ɗaya zuciya tana iya gazawa. Uwa kuwa ba ta iya barin sauran 'ya'ya da gona ta tare a asibiti, sai ta ɗauke ɗanta tun bai warke ba. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da abokin aikinsa suka haɗa wani abinci daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran da jiki ke bukata. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa, yana daɗewa bai lalace ba. An ga amfaninsa a fili a yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, musamman a jihar Maraɗi, inda ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, galibinsu suna gidajen iyayensu, ana kai su awo mako-mako. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya. Ana auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da wani ɗan tsiri mai launi uku, in kaurin bai kai santimita 11 da rabi ba, ya shiga ja. Amma fa a sani abincin nan magani ne. Wanda ya raba shi ga yaran gida duka, ko ya kai shi kasuwa, ran maras lafiya ya taɓa.

To, ina ƙiba ta shigo cikin wannan magana? Ta shigo ne ta wata hanya da ba a zata ba. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, Jamus ta tsare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwa mai tsanani ta 'yan watanni. Bayan shekaru, aka duba takardun awon samari wajen 300,000 da aka auna don shiga soja suna da shekara 19, aka buga abin da aka gani a 1976. Waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon cikinsu sun fi sauran yin ƙiba. Kamar dai jikin ɗan tayi ya ɗauki darasi tun a ciki cewa duniyar da za shi ba abinci, sai ya koyi tattali da ajiya, in kuwa ya fito ya tarar da wadata, tattalin ya zame masa cuta.

Akwai wani abu a nan da ya kamata malaman hakimai su saurara da kyau. A wata gunduma ta Ingila mai suna Hertfordshire, tun daga 1911 aka sa unguwarzoma da ma'aikatan lafiya su riƙa rubuta nauyin kowane jariri ran haihuwa, da nauyinsa in ya cika shekara. Suka yi ta cika manyan littattafai, ba wanda ya san ranar amfaninsu. Bayan shekara saba'in da wani abu wani likita, David Barker, ya tono littattafan, ya bi sunayen ɗaya-ɗaya don ya ga abin da ya sami masu su. A 1989 ya nuna cewa waɗanda ba su da nauyi suna jarirai sun fi mutuwa da ciwon zuciya da suka manyanta, bayan haka aka ga haka al'amarin yake ga hawan jini da ciwon sukari. Da matan nan sun yi kasala, ko sun riƙa cika layi da ƙiyasi, da wannan ilmi bai samu ba. Rajistar haihuwa da ake gani kamar wahalar banza, irin aikinta ke nan.

Sa'an nan akwai gado. A Kanada an tara samari tagwaye masu kama ɗaya, gida 12, aka riƙa ƙara wa kowa abinci daidai wa daida a kan abin da ya saba ci har kwana 100, aka buga sakamakon a 1990. Wani ya ƙara kilo 4 da ɗan kai, wani kilo 13, amma kowane ɗan tagwaye ƙarinsa ya yi kusa da na ɗan'uwansa. Lalle ne dai wani jikin ya fi wani saurin ajiye kitse, bai kamata a riƙa yi wa mai teɓa kallon mai haɗama ba. Duk da haka gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Wata ƙabila mai suna Pima ta rabu biyu, waɗansu a jihar Arizona ta Amurka suna cin abincin kanti, waɗansu a kan duwatsun Meziko suna noma da hannu. A binciken da aka buga a 2006, ciwon sukari ya kama 38 cikin ɗari na manyan Arizona, na Meziko kuwa wajen 7 kaɗai. Wannan abin lura ne ga biranen ƙasar nan, inda babur ya maye gurbin ƙafa, lemon kwalba ya maye gurbin fura, kuma da yawa daga masu shan lemon sun taso ne cikin ƙarancin abinci.

Misalin gado mafi kusa da gida shi ne madara. Kowane jariri yana iya narkar da zaƙin da ke cikin nono, amma yawancin mutanen duniya wannan iko yakan ragu bayan yaye, in sun sha ɗanyar madara da yawa sai ciki ya yi ta ƙugi. Binciken da aka yi a Nijeriya aka buga a 1971 ya nuna galibin Fulani makiyaya suna riƙe da wannan iko har girma, galibin Yarabawa kuwa ba su da shi. Kindirmo da nono mai tsami sun fi sauƙi ga kowa, don tsamin ya riga ya cinye wani kashi na zaƙin.

Abin da ya rage ga hakimi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne likitoci suka fi ba muhimmanci. Mace mai ciki ta sami rabonta na wake da ƙwai da ganye. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata shida, har da na farkon nan mai kauri da waɗansu ke matsewa su zubar, bayan haka a riƙa sa masa gyaɗa ko waken suya da ɗan mai a kunu, a ci gaba da ba shi nono. Maganar nan in ta fito daga bakin malamin asibiti mata ne ke ji, in ta fito daga zauren hakimi sai magidanta su ji, su ne kuwa masu mabuɗin rumbu. Lokacin da ya fi kyau dagatai da masu unguwanni su zaga tare da masu awon damtse shi ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, zazzaɓi da gudawa kuma suka yawaita. Malami ya rubuta sunan kowane yaron da ya shiga ja, da unguwarsu, da ranar da aka kai shi asibiti, ya bar fili a gaban sunan don awon mako mai zuwa.