Tantin Kan Mota: Abin da Za a Duba Kafin a Saya

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan

 

An nemi mu yi bayani a kan tantin nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota, wanda wasu daga cikinmu masu doguwar tafiya suka fara sha'awa. Abin ba sabo ba ne, tun ƙarshen shekarun 1950 ake ƙera shi a Italiya. Amfaninsa a fili yake ga wanda ya taso daga nan ya bi ta Ilori da Jabba da Mokwa ya nufi gida, ko ya yi yamma zuwa Kumasi, dare ya riske shi: zai kwana a sama, nesa da laka da kunama, kayansa na ƙarƙashinsa.

To amma jama'a, kafin a dubi tanti, a fara duban mota. Kowace mota akwai iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya, yana nan rubuce cikin littafinta. Ƙananan motoci da yawa kilo 50 ne zuwa 100, galibi wajen 75. Shi kuwa tanti yakan kai kilo 50 zuwa 80. Sai a yi lissafi. In rufinka na kilo 75 ne, ka ɗora kariya mai kilo 15, ka ɗora tanti mai kilo 60, shi ke nan ka cika. Babu wurin buhun goro, babu wurin jarkar mai. Nan ne muke jan kunnen masu zuwa wurin mai walda ya haɗa musu kariya da baƙin ƙarfe mai kauri. Tana da ƙarfi, ba mu musa ba, amma ita kaɗai za ta cinye rabin abin da aka yarje wa rufin. Wani zai ce, to yaya mutum biyu za su hau su kwanta? Ai wannan mota tana tsaye ne, kuma a tsaye rufi yana ɗaukar ninkin wancan. Gargada da burki da shan kwana su ne ke tsaga ƙarfe. Kuma mota mai kaya a ka ta fi saurin tangaɗi, ta fi shan mai.

Tantin iri biyu ne. Akwai mai naɗewa kamar littafi, a rufe shi da tamfol. Ya fi araha, ya fi fili, sai dai naɗe shi da asuba aiki ne, balle an kwana ana ruwa. Akwai kuma mai ƙoƙo, wanda murfinsa ke ɗagawa sama cikin minti ɗaya ko biyu. A ganinmu, mai tashi kullum ya sake zango, mai ƙoƙon ya fi masa, in aljihu zai ɗauka.

Mu mazauna Kudu muna da wata matsala ta musamman: tantinmu zai rayu a yanayi biyu. A nan laima ce da ruwa wata da watanni, can gida kuwa rana da ƙurar hunturu. Laima tana kawo funfuna. Tantin da aka naɗe a jiƙe aka bar shi mako guda, in ka buɗe sai wari da baƙin tabo, ɗinki ya fara ruɓewa. Har numfashin mai barci yana taruwa ya zama raɓa a ƙarƙashin katifa. Don haka a nemi yadi mai kauri na auduga da aka gauraya da zaren roba, irin mai shan iska, ba leda mai ƙyalli ba, kuma da an sauka a buɗe shi ya sha rana, a ɗaga katifar. Ita kuma ƙura zif take ci. A ja kowane zif sau da yawa a gaban mai sayarwa, a duba ragar sauro ko da huda ɗaya. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba su ƙara lura da noti da maƙalai, don iskar teku tana sa tsatsa da wuri. A nemi waɗanda ba sa tsatsa, da tsanin alminiyam.

In na hannu ne, irin na Kwatano, a sa a buɗe shi gaba ɗaya, a shiga ciki da rana tsaka a rufe. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. A tambayi kai kuma, in wani abu ya karye a Tegina, mai walda ko mai ɗinkin tamfol zai iya gyara shi? In ba zai iya ba, a haƙura da shi, komai kyansa.

Sai maganar makwanci. Tanti yadi ne, ba garu ba. Halin hanyoyinmu da dare ba ɓoyayye ba ne, saboda haka kada a buɗe shi a daji. A nemi tashar mota ko gidan mai inda manyan motoci ke kwana, a yi sallama da mai gadi. Bayan kilomita 100 na farko kuma a tsaya a bi duk notin kariya da sifana, sannan a riƙa dubawa kowace safiya kafin a tashi.

 Mai tambaya, ga fili.