Rumbun Ko-ta-kwana da Horar da Masu Tsaronsa



Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba yadda ake horar da masu kula da rumbun bayanai na ko-ta-kwana, watau rumbu na biyu da hukuma ko banki ko jami'a kan tanada a cikin wata kwamfuta dabam, domin ya karɓi aiki idan na farko ya sami matsala. Wani zai zaci batun na injiniyoyi ne kaɗai, alhali kuwa ya shafi duk wanda ke zaune a wannan zaure. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS, lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, sakamakon jarrabawar ɗalibi da lissafin fanshon tsohon akawu su ma suna ta komawa cikin na'ura. A da, in fayil ya ɓace, mutum guda ke shan wahala. A yau kuwa in rumbu guda ya salwanta, dubban mutane ne za su wayi gari babu sunansu a ko'ina. Abin da laccar ke son tabbatarwa guda ne: na'ura ta biyu ba ta tsirar da kome sai an sami mutanen da aka koya wa aikinta, suka kuma gwada shi tun kafin ranar masifa.

Darasi daga Boɗinga

Garin Boɗinga ba baƙo ba ne ga wannan ilmi. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koma Sifawa wajen 1810, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, yankin kuwa ya cika da malamai da almajirai. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1813, Malam Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara wasu daga cikin waƙoƙinsa wuri guda. Babu injin ɗab'i a ƙasar a lokacin, amma littattafansa sun kai wannan zamani. Dalili shi ne almajirai sun kwafe su da hannu, sun bazu da su garuruwa, ta yadda gobara ko gara a gida guda ba ta isa ta shafe littafi ba.

Kwafar kuma tana da ƙa'ida. Da yake ba a ɗinke takardun, a gafaka ake adana su, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, domin in guda ta ɓace ko ta sauya wuri a gane nan take. In an kammala, sai a gwama kwafin da asalinsa, a gyara kurakurai a gefen shafi. Saboda haka magabata sun san abu uku: a yi kwafi, a nisanta shi da asali, a kuma tabbatar ya yi daidai. Na huɗun shi ne mutum. Tarihi ya nuna cewa a yaƙin Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, cikin waɗanda jama'ar Shehu suka rasa akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Takarda ana iya sake kwafarta cikin watanni, amma rainon masani sai an yi shekaru.

Yadda rumbun ke aiki

Tsarin zamani, ko na Oracle Data Guard ne ko na PostgreSQL, a kan wannan turba yake. Babban rumbu yana da wani kundi inda yake rubuta kowane canji da aka yi: an ƙara wa wane albashi, an cire sunan wane. Ana aika wannan kundi zuwa rumbun ko-ta-kwana ta layin sadarwa, shi kuma ya aiwatar da canje-canjen bi da bi. Kowane kashi na kundin yana ɗauke da lambarsa, wadda ke yin aikin kalmar nan ta ƙasan takarda: in an tsallake guda, giɓin zai bayyana.

Hanyar aikawa iri biyu ce. A ta farko, babban rumbu ba zai ce aiki ya kammala ba sai na biyu ya amsa cewa saƙo ya iso. Nan ba a asarar kome, sai dai aiki yakan yi nauyi, musamman in tazara ta yi yawa. A mafi tsananin tsarin ma, in layi ya yanke, babban rumbun yakan dakata gaba ɗaya. A ta biyu, yakan aika ya ci gaba ba tare da jiran amsa ba. Aiki yana sauri, amma in masifa ta auku ana iya rasa abin da aka shigar a ƙarshe.

Har wa yau, komawa kan rumbu na biyu iri biyu ne. Akwai miƙa ragama cikin shiri, kamar lokacin da za a yi wa babbar na'ura gyara. Akwai kuma karɓe ragama ala tilas, bayan babban rumbu ya mutu. Haɗarin na biyun shi ne a zaci ya mutu alhali layi ne kawai ya yanke. Sai a sami sarki biyu a gari guda, kowane rumbu yana karɓar aiki, lissafi ya rabu gida biyu.

Tambayoyi biyu ga shugabanni

Kafin a sayi ko da waya guda, wajibi ne shugaban ma'aikata ya amsa tambaya biyu, don ba injiniya ke da alhakin amsa su ba. Ta farko, aikin minti nawa ko awa nawa za a iya jure asararsa? Ta biyu, tsawon wane lokaci ofis zai iya zama a tsaye? Kundin ɗakin karatu yana iya jiran kwana guda, amma biyan albashi a ƙarshen wata ba ya jira. Ya kamata kuma a iya fassara alkawarin ɗan kwangila. In ya ce na'ura za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100, ma'anarsa tana iya tsayawa kusan awa 9 a shekara. In ya ce 99.99, kimanin minti 53 ke nan. Kuɗin da ke tsakanin biyun ba kaɗan ba ne.

Ina za a ajiye shi?

Manomin ƙasar Hausa yakan ware rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta yi tsanani. To amma rumbun tsimin da ke manne da ɗakin girki, gobara guda ke cinye su. Alal misali, a ɗauka an ajiye babban rumbu a Boɗinga, na ko-ta-kwana a Shagari. Wannan ya isa maganin gobara, irin wadda ta kama ginin NET na Ikko a Janairu 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ko wadda ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021. Sai dai garuruwan biyu suna kan hanya guda, a jiha guda, masifa mai faɗi tana iya haɗa su. A Satumba 2010 ambaliya ta karya gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta yi tsaiko har a nan Arewa. Don haka ne masana ke son a sami kwafi na kusa domin saurin komawa aiki, da wani mai nisa, kamar Kano ko Abuja, wanda wutarsa da layinsa dabam ne.

Abin da rumbu na biyu ba ya karewa

Rumbun ko-ta-kwana madubi ne, kuma madubi ba ya zaɓe. In aka share bayanai bisa kuskure, ko ɓarnar 'yan kutse ta shiga, shi ma zai kwafe ta cikin daƙiƙu. A Yuni 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta shafe na'urorin da ke riƙe da rajistar izinin shiga, da yake duk suna kwafar juna. Guda ce ta tsira, a ofishinsu na Gana, domin an ɗauke wuta a can kafin ɓarnar ta iso, da ita aka kuwa sake gina tsarin. Ɗaukewar wuta ba shiri ba ne, dace ne. Shirin shi ne a ajiye kwafin da ba ya haɗe da layi, ko a sa rumbu guda ya riƙa jinkirta aiwatar da canji na 'yan awoyi.

Misali na biyu ya fi kusa da batun horo. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun ko-ta-kwana da dare, sai ya ba da umurnin sharewa a kan babban rumbun. Da aka juya ga kwafe-kwafen ajiya, aka tarar wasu sun daɗe ba sa aiki, ba wanda ya lura. Aikin kimanin awa 6 ya tafi ke nan. Kayan aiki ba su yi musu ƙaranci ba. Gwaji ne ba a yi ba.

Horon da ake bukata

Horo nagari yana da rukuni biyar. Na ɗaya, ɗalibi ya fahimci dalilin kowane mataki, kada ya tsaya ga haddar umurni. Na biyu, ya saba da duban kullum: minti nawa rumbu na biyu yake baya, akwai giɓi a kundin ko babu. Na uku, atisaye: a tsai da rana a miƙa ragama da gangan, a yi aiki a kan rumbu na biyu, a dawo, a rubuta lokacin da aka ɗauka. Na huɗu, a riƙa ɗauko kwafin ajiya ana farfaɗo da shi a wata na'ura, wanda shi ne gwama kwafi da asali a wannan zamani. Na biyar, a rubuta matakan a takarda, tare da sunan muƙamin da ke da ikon ba da umurnin karɓe ragama, domin littafin da ke cikin na'urar da ta ƙone ba ya karantuwa.

Wannan horo bai fi ƙarfin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ba. PostgreSQL kyauta ce, kwamfuta biyu tsofaffi kuma sun isa ɗalibi ya kafa rumbu, ya kashe guda, ya ga abin da zai biyo baya. Ma'aikatu kuma su kula da canjin wurin aiki: in mutum guda aka horar, ranar da aka ɗauke shi ko ya yi ritaya, ofis ya koma inda ya fito. A horar da uku, a riƙa ba kowannensu jagorancin atisaye.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ke neman sana'a ya sani cewa wannan aiki ne na amana, wanda ba a ganin mai yinsa sai ranar da kome ya tsaya. Ma'aikacin da ke sa hannu a kasafi kuma, duk lokacin da aka kawo masa takardar sayen na'ura, ya yi tambaya uku: wa zai kula da ita, wa ya koya masa, kuma yaushe aka yi gwaji na ƙarshe? In ba a sami amsa ba, kuɗin horo ya kamata a fara warewa.