Rancen Karatu da 'Yan Damfarar Waya



Tun da asusun rancen karatu na NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, 'yan damfara suka samu sabuwar kasuwa. Ɗalibi ɗan Birnin Kudu ko Gwaram yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ga saƙo a WhatsApp ɗauke da tambarin hukuma: wai kuɗinsa sun fito, ya danna nan, ya sa BVN da lambar katin bankinsa. Can an jima a kira shi da murya mai daɗi, a ce ya karanto lambobin da banki ya turo masa yanzun nan. Yana karantawa, shi ke nan. Kuɗin riɗin da mahaifinsa ya sayar a kasuwar Sara sun tafi.

Wallahi abin yana ci mini rai, domin neman rancen nan kyauta ne, kuɗin makaranta kuma jami'a ake tura wa kai tsaye. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri ta waya.

Ɗalibai, duk saƙon da ya zo da gaggawa, ku taka zuwa ofishin harkokin ɗalibai ku tambaya. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi kiran bankinsa a rufe katin nan take.