Jawabin Taron Shekara: Kasuwar Zamani a Kano da Darasinta ga Kasuwanninmu na Gida

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan uwa 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram mazauna birane.

Da yawa daga cikinmu mazauna Kano mun taɓa kai iyalanmu Ado Bayero Mall, katafaren rukunin shagunan da aka buɗe a titin Gidan Zoo cikin shekarar 2014. Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne gilasai da fitilu da sanyin na'ura. Sai dai mai duba da idon basira zai lura da filin ajiye motoci, da banɗakuna masu ruwa, da tukwanen kashe gobara, da faffaɗan hanyoyi tsakanin shaguna.

Waɗannan su ne abin koyi, domin Kano ta ɗanɗana kuɗar rashinsu. A watan Maris na 2016 gobara ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 kuma ambaliya ta lalata yadudduka da atamfofi masu ɗimbin yawa a Kantin Kwari, inda 'yan uwanmu da dama ke neman abinci.

Amma kada ado ya ruɗe mu. A watan Janairu na 2024 kamfanin Shoprite, wanda shi ne babban kantin wannan rukuni, ya rufe reshensa na Kano. Ashe masu saye ne ke riƙe kasuwa, kyan gini kuwa taimako ne kawai.

Ta wannan fuska mu Allah ya rufa mana asiri. Kasuwannin Sara da Babaldu na cika maƙil ranar cinsu, ana lodin hatsi da riɗi da dabbobi zuwa sassan ƙasar nan. Jama'a muna da su, tsari ne ya yi mana ƙaranci. Da damina taɓo kan hana sauke kaya, mata 'yan kasuwa kan wuni ba wurin kewayawa, wasu kuma kan baje kolinsu a bakin titin da manyan motoci ke bi.

Don haka muke kira ga wannan ƙungiya da ta zauna da sarakunan kasuwa da ƙananan hukumominmu biyu a kan abubuwa uku: magudanun ruwa kafin faɗuwar damina, rijiyar burtsatse da banɗakunan maza da na mata, sai kuma hanyar da motar kashe gobara za ta bi har tsakiyar rumfuna. Injiniyoyinmu su ba da zane kyauta, 'yan kasuwarmu su ba da siminti, sauranmu mu biya kuɗin ƙungiya a kan kari. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya yi mana jagora, ya mayar da kowa gidansa lafiya.