Abin da Rawar Birek da Wasan Keke Suka Koya Mana Game da Darasin Motsi

 

Da aka ba mu damar yin magana a wannan zama, wasu sun ɗauka za mu tsaya ne a kan albashi da ƙarin girma. Waɗannan suna nan, kuma akwai waɗanda suka fi mu iya faɗarsu. Mu abin da ya kawo mu wata tambaya ce da wani yaro ɗan aji biyar ya yi mana, muka kasa amsawa.

A zangon da ya wuce, yaranmu maza suka tsiri wata ɗabi'a. Da zarar an kaɗa ƙararrawar tara, sai su zagaya bayan ajujuwa, wannan ya kafa kai a ƙasa yana juyi, wancan ya ɗage tayar gaban keken yayansa yana tafiya a kan ta baya. A wayoyin yayyensu suka gani. Muka hana, muka yi bulala, abin bai bari ba, sai dai ya ƙara nisa da idonmu, har ranar da ɗaya ya faɗi a kan siminti ya karye a wuyan hannu. Da muka je duba shi a gida, ga hannu a ɗaure, bai yi mana kukan ciwo ba. Cewa ya yi, "Malam, me ya sa in ina juyi na naɗe ƙafafuna sai gudun ya ƙaru, alhali ban ƙara ƙarfi ba?" Muka yi shiru. Shekara da shekaru muna rubuta darasin ƙarfi da motsi a allo, ga shi yaro ya gano ɗaya daga cikin manyan dokokinsa da jikinsa, mu kuwa ba mu taɓa haɗa biyun ba.

Wannan ya sa muka koma karatu. Rawar birek ta samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, cikin shekarun 1970, a tsakanin matasa baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico, yaran talakawa waɗanda ba su da filin wasa sai daɓen titi. A 2024 ta shiga gasar Olamfik a Paris, inda Ami Yuasa ta Japan da Philip Kim na Kanada suka ci zinare, ko da yake ba a sa ta cikin jerin wasannin 2028 ba. Wasan nuna gwaninta da ƙaramin keken nan mai suna BMX, mai taya inci 20, ya riga ta shiga, a gasar Tokyo da aka yi a 2021. A can ana ba ɗan wasa daƙiƙa 60 kacal ya nuna abin da ya iya a fili mai tuddai da gangarori, alƙalai su ba shi maki. Duka wasannin biyu, in an tuɓe musu kiɗa da ado, a kan dokoki kaɗan na kimiyyar fiziks suke tsaye.

Ta farko ita ce cibiyar nauyi. Kowane jiki yana da wani gurbi da za a iya cewa nan nauyinsa ya taru, kuma a mutumin da ke tsaye wannan gurbi yana ɗan ƙasa da cibiyarsa ta gaskiya. Muddin wannan gurbi yana saman abin da mutum ya dogara da shi a ƙasa, ba zai faɗi ba. Da zarar ya zarce, faɗuwa ta tabbata. Ɗan rawar da ya daskare a kan hannu ɗaya, ƙafafu a sama a karkace, ba don ado kaɗai ya karkata su ba, yana rarraba nauyinsa ne har cibiyar ta hau kan tafin hannun nan guda. Mai tafiya a kan tayar baya shi ma kwankwasonsa yake turawa baya da gaba, don cibiyar nauyinsa da ta keken su zauna saman inda taya ta taɓa ƙasa. Yaranmu sun san wannan tun a wasan langa. Mun gwada shi a aji ba tare da sayen komai ba: yaro ya jingina bayansa da dugadugansa da bango, a ajiye alli a gabansa, a ce ya ɗauka ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ko ya matsa ba. Aji guda suka gwada, babu wanda ya iya, domin bango ya hana kwankwaso komawa baya ya daidaita kan da ya sunkuya. Dariyar da aka yi ranar ta fi kowane bayani zama a ƙwaƙwalwarsu.

Dokar da ta amsa tambayar yaronmu ita ce ta juyi. Abin da ke juyawa yana ɗauke da wani adadi na juyi wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa sai wani abu daga waje ya taɓa shi. Wannan adadi haɗin abu biyu ne: saurin juyin, da kuma nisan da nauyin ya yi daga tsakiyar da ake zagayawa. In ɗaya ya ragu, dole ɗayan ya ƙaru. Shi ya sa gwanin rawa ke fara juyin kai da ƙafafu a ware, ya tara juyi mai yawa a hankali, sannan ya tattaro su wuri guda, sai ka ga ya zama kamar katantanwa. Kuma nisan nan ba sau ɗaya yake shiga lissafi ba, ninkin kansa yake shiga. A ɗaura ɗan dutse a zare, a zura zaren ta bututun biro, a wulwula dutsen, sannan a ja zaren daga ƙasa har tsawonsa ya koma rabi: yawan zagayen zai kusan ninka huɗu. Bututun biro da zare da tsakuwa, wannan ne ɗakin gwajinmu gaba ɗaya. Abin da ke cinye juyin daga ƙarshe gugar da ke tsakanin kai da ƙasa ce, don haka 'yan rawa ke neman daɓe mai santsi, suna kuma sa hula mai sulɓi.

A wasan keke, wannan doka tana haɗuwa da wata mai tsanani. Da zarar taya ta bar ƙasa, an gama yanke hukuncin tsawon lokacin da mutum zai yi a iska, babu wani motsin hannu ko ƙafa da zai ƙara masa ko ƙiftawar ido. Wanda ya tashi sama da kimanin mita 1.2 ya dawo inda ya tashi, daƙiƙa ɗaya ya samu. In yana son daƙiƙa biyu, sai ya kai kusan mita 5, wato ninki huɗu. Saboda haka duk alkafurar da za a yi, a cikin wannan ɗan taƙi za a yi ta, kuma abin da ya rage a hannun ɗan wasa shi ne ya dunƙule jiki da keke don juyin ya yi sauri, ya miƙe don ya lafa daidai lokacin da tayoyi suka fuskanci ƙasa. A Tokyo, Charlotte Worthington ta Birtaniya ta gwada alkafurar baya haɗe da cikakken zagaye guda, abin da wata mace ba ta taɓa yi a gasa ba. A zagayen farko ta faɗi. A na biyu ta sauka daidai, ta samu maki 97.50, ta ɗauki zinare. Muna gaya wa yaranmu labarin faɗuwar kafin na zinaren, da gangan.

Yanzu ga inda abin ya shafi amanar da aka ba mu, wato sauka. Faɗuwa ba ta karya ƙashi, tsayawa farat ɗaya ce ke karyawa. Mu ƙaddara yaro mai kilo 30 ya diro daga tsawon mita ɗaya. In ya sauka a sandare a kan siminti, jikinsa ya tsaya cikin santimita 5, ƙarfin da ƙasa za ta mayar masa ya kai nauyinsa sau 21, kamar an aza masa kilo 630. In kuwa ya lanƙwasa gwiwa ya durƙusa, tsayawar ta ɗauki santimita 50, sau 3 ne kawai, kilo 90. Yaro ɗaya, tsawo ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa 'yan keke ke sauka a kan gangara maimakon shimfiɗaɗɗen wuri, suke koyon sabon salo a ramin da aka cika da soso, kuma ba a barin kowa shiga gasa ba hular kwano. Bidiyon da yaranmu ke kallo ba ya nuna ramin soso, ba ya nuna shekarun atisaye, daƙiƙoƙin nasara kawai yake nunawa. Yaron da ya karye, hannu ya miƙa a sandare ya tare ƙasa, nauyinsa duka ya tsaya a kan gaɓa ɗaya.

Da wannan ilimi muka iya bambance abin da za a bari da abin da za a hana, maimakon hanin kan mai uwa da wabi da muka yi a da. Tsayuwa a hannu a kan yashi, da dungure, da koyon yadda ake mirginawa in an faɗi, mun bar su, a gaban malami, a lokacin motsa jiki. Juyi a kan kai kuwa mun hana shi baki ɗaya, mun kuma faɗa musu dalili: wuyan yaro bai yi ƙwarin ɗaukar gangar jikinsa tana murɗawa ba. Ko manya ba su tsira ba. A 2024 likitoci a Denmark sun ba da rahoton wani ɗan rawa da ya shafe kusan shekara 19 yana juyin kai, har wani ƙullutu ya tsiro masa a tsakar ka, sai da aka yi masa tiyata. Tsalle da keke daga kan tudu shi ma babu shi a harabar makaranta, tunda ba mu da hular kwano ko ɗaya. Ba za mu ce muku kowa ya daina ba. Amma mun ji da kunnenmu wani yaro yana tsawata wa ɗan uwansa, yana cewa, "Kai, lanƙwasa gwiwarka, ka manta kilo 630?"

Iyaye da ke cikin wannan zaure, mun san wasunku na ganin rawar nan baƙuwar al'ada ce, kuma ba mu zo kare kiɗanta ko shigarta ba. Mu ma akwai abin da ba ma so a ciki. Amma yaron da ke kan keke a layinku yana buƙatar sanin yadda ake faɗuwa, ko kun yarda da wasan ko ba ku yarda ba.

Muna roƙon reshe abu biyu. A sa baki wajen hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kowace makaranta ta samu ramin yashi, wanda tifa ɗaya ta isa, da akwatin taimakon gaggawa mai kaya a ciki. Sannan a ware mana awa guda a zama na gaba, malaman kimiyya da na motsa jiki su zauna tare, kowa ya zo da gwaji ɗaya da ya yi a ajinsa da abin da ya tsinta a gida. Namu bututun biron yana cikin aljihu, duk mai son gani ya same mu a bakin ƙofa bayan an tashi.