Addu'a Ga Masu Yin Doka

 Maganar yau a kan addu'ar da ake yi wa 'yan majalisar dokoki ce, da abin da ya kamata a roƙa musu a cikinta.

Ba wanda ya kai ma'aikacin En'e sanin nauyin doka. A zamanin En'e, in an gama shawara a Kaduna, takarda takan bi ta ofishin Razdan, ta iso fadar Sarki, ta sauka hannun hakimi, daga nan sai dagaci, har ran da malamin haraji zai tsaya ƙofar talaka da ita. In dokar ta yi daɗi a sa wa Sarki albarka, in kuwa ta yi ɗaci, wanda ya kawo ta shi ke shan zagi. Saboda haka wanda ya roƙa wa masu yin doka shiriya, kansa ya roƙa wa.

Kafin 1947 majalisar da ke Ikko ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi shi kaɗai. A shekarar nan ne, bisa tsarin Gwamna Richards, aka kafa majalisu biyu a Kaduna, watau Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Da yawa daga wakilan En'e-En'e ne suka zaɓo su daga cikin ma'aikatansu. Ikonsu a lokacin bai wuce ba da shawara ba, da zaɓen waɗanda za su tafi majalisar Ikko.

Cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta, ma'aikacin En'en Bauci. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisa ya nemi a binciki tsarin En'e duka, a gyara shi. Ya yi maganar cin hanci, ya yi maganar talakan da ba a shawara da shi, ya kuma taɓo ikon da aka tara a hannun mutum ɗaya. To, ku duba, waɗanda maganar ta shafa iyayen gidansa ne. Da ƙyar shawarar tasa ta sami rinjaye, manya da yawa kuma ransu ya ɓaci. Amma bincike ya biyo baya. A 1952 aka soke zaman Sarki shi kaɗai ne En'e, aka haɗa shi da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e. Da wakilin nan ya ji tsoron tuwonsa ya yi shiru, da gyaran ya daɗe bai zo ba.

Daga wannan labari ana gane abin da ya fi cancanta a roƙa. Mutane sun saba roƙa wa shugabanni tsawon rai da nasara kan maƙiya. Wannan ba laifi, sai dai bai isa ba, gama tsawon ran azzalumi tsawon wahalar talaka ne. Abu na fari, a roƙa musu kunnen jin kukan wanda ba shi da mai kai shi gaba. Na biyu, a roƙa musu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya ko da a gaban mai ba su abinci. Na uku, a roƙa musu tsabtar hannu, don kuɗin baitulmali amana ne, guminsu manomi da makiyayi ne. Na huɗu, a roƙa musu haƙurin karanta doka kafin su amince da ita, don kalma guda da aka yi sakaci da ita tana iya ɗaure mutum marar laifi a gaban alƙali.

En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma yin doka bai wuce ba. Yau Majalisar Tarayya tana Abuja, da dattawa 109 da wakilai 360, kuma da addu'a suke buɗe zamansu. Tasu addu'ar ba ta ɗauke wa jama'a tasu ba. Sa'an nan wanda ya yi addu'a, wajibi ne ya bi ta da aiki: ya zaɓi mutumin kirki, ya faɗa wa wakilinsa gaskiya, kada kuma ya dame shi da roƙon abin da ba zai samu ba sai ya taɓa dukiyar jama'a.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin ma'aikatan En'e da wakilan farko. Allah ya shiryi masu yin doka na yanzu, ya haɗa su da mashawarta na gari, ya tsare su daga son zuciya, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.